Ferikadiyom: Kalmar da Ta Sa Na Yi Wasiyya

Balangu ne mafarin komai. Ba zan ɗora wa mai naman laifi ba, don bai ɗaure ni ya ɗura min ba. Ni ne da ƙafata na tsaya a gabansa bayan isha'i, na ce a yanka min na dubu uku, a zuba yaji kamar ana gaba da ni, na kora da lemo mai sanyi, na shiga gida na bi lafiyar gado. Wajen ƙarfe biyun dare na farka na ji kamar an hura gawayi a tsakiyar ƙirjina. Na juya dama, na juya hagu, wuta sai ƙara ruruwa take. Uwargida ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Alhaji, ƙwannafi ne, ka jiƙa kanwa ka sha." Na ce mata ƙwannafi na yara ne, mutum mai shekara 47 da hawan jini in ƙirjinsa ya yi zafi babban al'amari ne. Ta ce to, ta ja bargo.

Da gari ya waye na tafi asibiti. Likita ya saurare ni, ya auna jinina, ya ɗora abin sauraronsa a ƙirjina, ya rubuta min wani farin magani na ruwa. Ya ce tunda ina da hawan jini gara a duba zuciyar don hankali ya kwanta, ya tura ni gwaji biyu. Na farko aka manna min wayoyi kamar za a yi min caji. Na biyun shi ne wanda suke kira eko, aka shafa min wani mai sanyi mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ana yawo da wata 'yar na'ura a kan haƙarƙarina, ina jin bugun zuciyata yana fitowa daga kwamfuta kamar ana kirɓa sakwara a maƙwabta. Da aka gama aka miƙo min ambulan a ɗinke da ƙusa, aka ce in kai wa likitana ranar Alhamis mai zuwa.

Alhamis mai zuwa, kwana takwas ke nan. Wane ne zai riƙe labarin zuciyarsa a aljihu kwana takwas bai leƙa ba? Tun kafin adaidaita sahu ta sauke ni a Kantin Kwari na ɓalle ƙusar.

Turancina na kasuwa ne. Zan iya jayayya da ɗan Sin a kan kuɗin dilar atamfa har ya gaji ya rage min, amma wannan takarda ba ta san ni ba, ni ma ban san ta ba. Lambobi ne birjik, da ƙananan haruffa. Sai can ƙasa idona ya faɗa kan wata doguwar kalma ita kaɗai a layinta, wadda da na haɗa baƙaƙenta ta ba ni "ferikadiyom". A gabanta an rubuta manyan haruffa uku: N, A, D. Duk sauran layukan suna da lamba, ita ce kawai aka ba ta haruffa. Nan take zuciyata ta raya min cewa a nan gizo yake saƙar.

A layinmu akwai wani mai sayar da leshi da muke kira Farfesa, saboda ya taɓa yin shekara ɗaya a makarantar koyon aikin lafiya kafin kasuwa ta kira shi. Na ja shi bayan shago na nuna masa. Ya gyara tabarau, ya nisa, ya ce, "Kadiyo dai zuciya ce, wannan ba shakka." Na ce na ji, haruffan fa? Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce shi a iya zamansa a makaranta bai taɓa ganin kalmar asibiti da ta fara da D ta zo da alheri ba. Ya ninke takardar a hankali kamar mai ninke likkafani, ya sa min a hannu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, kowa da ranarsa. A dai yi ta addu'a."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to ni ranar ƙuƙumi biyu aka yi min, nasa da nawa. Na koma shago na ɗauko waya na fara rubuta kalmar a Google. Ban kai ƙarshenta ba ya ƙarasa min da kansa, ni kuma na danna ban lura wutsiyar kalmar ta canja ba. Sai ga hotunan ƙirji a buɗe, ga wata allura mai tsawon tsinken tsire ana soka wa mutum a ƙasan ƙirji. Na kashe wayar na kifa ta. Wata hajiya ta shigo tana taya shadda, na sallama mata a kuɗin da na saro, don me mai tafiya zai yi da riba?

A daren nan na ɗauko littafin bashi. Na ce gara in tafi da nauyi kaɗan. Waɗanda suke bi na na biya su washegari, har da mai shayin da ya manta yana bi na kuɗin ƙwai biyu. Sai na juyo kan waɗanda nake bi. A samansu akwai wani tela da ya ɗebi shadda ta naira 85,000 shekara biyu da suka wuce, wanda in ya hango ni a titi sai ya tuna yana da uzuri a wani lungun. Na aika yaro ya kira shi, ya zo yana raɓe-raɓe yana shirin rantsuwa. A gaban Farfesa da mutum biyu na ce masa, "Malam, kuɗin nan na yafe maka duniya da lahira." Ya dube ni, ya dubi shaidu, ya fashe da kuka, ya yi min addu'ar da ko a Arfa ban ji irinta ba. Sannan ya fita da saurin da ban taɓa ganin ya ɗinka riga da shi ba.

A gida ban faɗa wa kowa ba, ina ta dauriya irin ta maza. Ashe bakina ba ya barci. Da asuba ta uku uwargida ta ajiye min koko da ƙosai da ƙarfin da kokon ya fantsala, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Alhaji, wace ce Kadiya?"

Na ce wace Kadiya?

"Wadda kake kira cikin barci kwana biyu. Kadiya, Kadiya, har da hawaye. In aure za ka ƙara ka faɗa min in ji daga bakinka, ba sai na ji a gidan biki ba."

Ganin za a kashe ni kafin ciwon ya kashe ni, na fito da takardar na ce mata ba mace ba ce, ajali ne. Ta zauna daɓas a ƙasa ta fara salati. Ni kuma da na ga hawayenta sai imani ya motsa, na ce ba zan tafi da ɓoye-ɓoye ba. Na gaya mata cewa bara, lokacin da ta roƙi firiza na rantse mata kasuwa ta mutu, a watan ne na sayi fuloti a bayan gari, takardunsa suna cikin tsohuwar jakar Hajjina a saman sif. Ta ci gaba da kuka kamar minti biyar. Sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ƙafa nawa ne?" Na ce 50 da 100. Ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, Alhaji," da wata murya da na kasa gane inda ta dosa.

Kafin azahar labari ya zaga dangi. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta iso da galan na rubutu, da habbatus sauda, da zuma, da wani ƙullin sassaƙe da ta ce ko ƙarfe ne a ƙirjin zai narkar da shi. Aka shimfiɗa min katifa a falo, masu dubiya suna shigowa layi-layi, kowa ya tambayi sunan ciwon in faɗa masa, ya girgiza kai ya ce bai taɓa ji ba. Gaskiya har wani ɗan alfahari na fara ji. Ciwon kowa maleriya da taifot, nawa kuwa sai an yi numfashi biyu kafin a gama faɗarsa.

Ran Asabar 'yar yayata ta zo, wadda take aji huɗu a karatun likita. Ta gaishe ni a ladabce, ta ce, "Kawu, mu ga takardar." Na miƙa mata ina kallon silin kamar mai jiran hukunci. Ta karanta daga sama har ƙasa. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, ta toshe baki da hijabi. Na ce a raina yarinyar nan tana ƙaunata, ga shi ta kasa riƙe kuka. Ashe dariya ce take neman shaƙe ta.

"Kawu, ferikadiyom ɗin ne ciwon?"

Na ce shi ne.

"Ai ni ma ina da shi."

Na tashi zaune. "Innalillahi! Gado ne?"

"Gwaggo ma tana da shi. Anti ma tana da shi. Ragon da ka yanka da layya ma yana da shi."

Gwaggo ta ce, "Ke kishiya, ki iya bakinki, ni lafiyata ƙalau."

Da ƙyar ta natsu ta yi mana bayani. Ta ce ba sunan ciwo ba ne, sunan wata jaka ce ta tantani da Allah ya sa zuciyar kowa a ciki. Haruffa ukun da suka hana ni barci kuwa taƙaitawa ce ta likitoci, ma'anarsu an duba ba a ga wata matsala ba. Wato layin da na ɗauka takardar sallamata ce daga duniya, shi ne layin da ya fi kowanne lafiya a takardar. Na ce to in jaka ce me ya hana su rubuta jaka? Ta ce ai sun rubuta, da wani harshe ne kawai, domin kalmar daga Girka take.

Nan Gwaggo ta saki carbi.

"Girka? Wa aka yi wa girka? Mu a gidanmu ba mu gaji bori ba! Ubanka har ya koma ga Allah bai taɓa zuwa wajen 'yan bori ba, sai kai za ka kwaso mana iskoki a kasuwa?"

Aka yi ta fama da ita cewa Girka ƙasa ce a Turai, babban birninta Atina, su ne mutanen da littattafan Larabci suke kira Yunanawa. Sai da aka ambaci Yunan ta ɗan sauko, ta ce ta taɓa ji a bakin malamai, amma duk da haka ta tofa min addu'a a ka, wai rigakafi.

'Yar yayata ta karɓi biro ta raba kalmar gida biyu a bayan ambulan. Ta ce "feri" a harshensu kewaye ne, "kardiya" kuwa zuciya, wutsiyar ƙarshen kuma Latin ne ya liƙa mata. In an haɗa, abin da ya kewaye zuciya. Ta tambaye ni ko na tuna ferimita a lissafin firamare, awon kewayen fili. Na ce na tuna, har bulalar da na sha a kansa. Ta ce to wannan "feri" ɗin ne dai. Uwargida daga bakin ƙofa ta ce, "Ai Alhaji ya san awon kewayen fili sosai." Ban tanka ba.

Abin da ya ba ni haushi shi ne jakar nan ma'aikaciya ce ta kirki, shekara 47 tana yi min hidima ban san da ita ba, ranar da na fara jin sunanta kuma na ɗauke ta maƙiyiya. Riɓi biyu ce, na waje mai kauri da tauri, na ciki mai laushi da santsi, kuma a cikin na cikin akwai ɗan ruwa mililita 15 zuwa 50, wato daga cokalin cin abinci ɗaya zuwa uku da ɗan ɗori. Ruwan nan shi ne baƙin man inji. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, shi ne yake rage mata gogayya. Jakar ce kuma take ɗaure zuciya a mazauninta don kada ta riƙa lilo a ƙirji, take kuma hana ta cika fiye da kima. Ciwon da Google ya nuna min sunansa ferikaditis, kuma wannan "itis" ɗin a bakin likitoci kumburi yake nufi. Shi ciwo ne na gaske, yana sa sukar ƙirji da take ƙaruwa in an kwanta, ta ragu in an zauna an sunkuya gaba, kuma a ƙasashenmu tarin fuka yana cikin manyan masu jawo shi. Tsakanina da shi haruffa huɗu ne kacal, su ne ban tsaya na karanta ba.

Da na ga ba mutuwa zan yi ba sai son ilimi ya taso min, don in rage kunya. Na ce sauran dogayen kalmomin fa? Ta ce duk gini ɗaya ne, an ɗauko kardiya an yi mata goshi. Bangon zuciya hawa uku ne. Na sama efikadiyom, "efi" a kan abu ke nan. Na can ciki endokadiyom, "endo" ciki. Na tsakiya mai kaurin, wanda shi ne yake matsawa ya tura jini, mayokadiyom, daga kalmarsu ta tsoka. Sai ta ƙara da cewa kalmar da Girkawa suke kiran tsoka da ita, da ita suke kiran ɓera, wai don in mutum ya murɗa damtse tsokar tana motsi a ƙarƙashin fata kamar ɓera a cikin buhu. Gwaggo ta ce ita dama tun da aka ce Girka ta san ba za a ƙare lafiya ba, ga shi an sa wa ɗanta ɓera a ƙirji. Ko eko ɗin da aka yi min, ashe amsa-kuwwa ce a harshensu: na'urar tana aika sauti ne ya bugi zuciya ya dawo, ta zana hoto da shi. Na biya kuɗi masu yawa aka yi min abin da yara suke yi kyauta a bakin rijiya.

Na ce mata to Girkawan nan da suka cika mana takardu da sunaye, su sun san komai ne? Ta ce ina! Aristotal, babban masaninsu, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce ɗakunan zuciya uku ne, alhali huɗu ne. Ya kuma ce da zuciya ake tunani, ƙwaƙwalwa aikinta sanyaya jini kawai. A nan na ɗan kare shi, don mu ma har gobe cewa muke "na ce a zuciyata", ba wanda yake cewa na ce a ƙwaƙwalwata. Magabatansu sun ɗauka manyan jijiyoyin da suke fita daga zuciya iska suke ɗauka, saboda in sun buɗe gawa sukan tarar da su wayam, shi ya sa sunan da suka ba su, arteriya, shi ne sunan da suke kiran maƙogwaro da shi. Sai da wani likitansu Jalinus ya zo a ƙarni na 2 na Miladiyya ya nuna jini ne a ciki. Shi ma ya yi nasa tuntuɓen, ya ce akwai ƙananan ƙofofi a bangon da ya raba zuciya dama da hagu, jini yana ratsawa ta nan. Aka yi shekara wajen dubu ana maimaitawa, har Ibnun Nafis, likitan da aka haifa a Sham ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya ce babu wata ƙofa, jini ta huhu yake zagayawa ya dawo. Wannan ya sanyaya min rai ƙwarai. In Jalinus zai yi kuskure a kan zuciya a yi shekara dubu ba a gane ba, wane ne ni, mai sayar da atamfa, da nawa kuskuren bai cika mako ba?

Ranar Alhamis na koma wajen likita da ambulan ɗina da na sake ɗinkewa da ƙusa, wai don kada ya gane. Ya kalli ramukan ƙusa huɗu, ya kalle ni, bai ce komai ba. Ya ce zuciya lafiya lau, in ci gaba da shan maganin hawan jini, in rage gishiri, in daina cin nama mai kitse da yaji in kwanta nan take. Ciwona ruwan tsamin ciki ne yake tasowa ta bakin tumbi ya ƙona hanyar abinci. Don in nuna masa ni ma yanzu ba baya ba ne, na ce, "Wato dai likita, ba a kardiya abin yake ba." Ya yi murmushi ya ce a gaskiya a nan yake, domin bakin tumbin, inda hanyar abinci take haɗuwa da shi, sunansa kardiya a littafinsu, Girkawa da kalma ɗaya suka kira su saboda maƙwabtaka. Na buɗe baki zan yi musu dariya, sai na tuna mu ma in abinci ya ɓata mana ciki cewa muke zuciyarmu tana tashi. Na rufe bakina. Da na dawo gida na ba da rahoto, uwargida ta ce, "Wato ƙwannafi." Na ce ba haka likita ya faɗa ba. Ta ce, "Da kanwar naira hamsin da yanzu ba ka san Girka ba, ni ma ban san fuloti ba."

Duk da haka ban yarda ɗari bisa ɗari ba sai da na je wajen mahauci. Na ce ya nuna min zuciyar sa da ba a taɓa ba. Ya ɗauko, ya sa yatsa ya ɗaga wani farin tantani mai kitse-kitse da ya lulluɓe ta, ya tsarge shi da wuƙa, zuciyar ta sulluɓo tana sheƙi. Na ce masa, "Ka san sunan wannan? Ferikadiyom." Ya ce, "Alhaji, mu dai yarwa muke wa kyanwa. In kana so in haɗa maka da shi kyauta."

Saura maganar dubu 85. Na samu limamin unguwarmu bayan magariba na karanta masa yadda aka yi, na tambaya ko yafiyar da aka yi bisa kuskuren fassara tana ɗauruwa. Ya tambaye ni ko wani ya tilasta ni. Na ce a'a. Da hankalina? Na ce to, da dai sauran. Da shaidu? Na ce uku. Ya ce, "Alhaji, magana zarar bunu ce. Sai dai ka sa rai da lada." Na je wajen Farfesa in sauke masa kwandon bala'i, ya ce shi bai ce zan mutu ba, cewa ya yi kowa da ranarsa, in kuma ina da ja a kan wannan in faɗa a gaban jama'a.

Firiza ta iso gida a makon nan, babba mai murfi biyu. Takardun fuloti sun bar jakar Hajji sun koma wani wuri da ban sani ba, wai don tsaro. Gwaggo har yau in ta kira waya sai ta tambaya ko ɓeran ya fita.

Telan kuwa ya daina canja hanya. Yanzu kullum da safe sai ya biyo ta shagona ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi jiki. Jiya ya tsaya yana shafa wata sabuwar shadda ruwan toka da na buɗe, ya ce a auna masa yadi goma zai kawo kuɗin ƙarshen wata. Ina cikin neman almakashi ya matso kusa, ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, yaushe ne za ka koma gwajin?"